Mai Sauraren Yatsun Auta

Ranar Litinin da hantsi Marubuciya ta shigo maɗaba'armu ko sallama babu. Dattijuwa ce, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta shekara huɗu tana rubuta labarinta da biro har ta cika littattafai tara, ta kawo mana mu buga. Ta wuce teburina, ta wuce ƙofar ɗakin inji, ta je ta dangwarar da wayarta a gaban Manaja ta ce ya karanta.

Manaja ya karanta, gumi ya karyo masa, ya miƙo mini wayar. A wani shafin intanet da ake sayar da labarai babi-babi, ga littafin Marubuciya nan daga babi na ɗaya har na goma sha ɗaya, an canza masa suna, an liƙa wa wani da ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Mu kuwa ko bangon littafin ba mu zana ba.

Mu huɗu ne a wurin. Akwai Manaja, akwai Mai Inji da ke can baya cikin warin tawada, akwai Auta da ke buga mana rubutu a kwamfuta shekara shida ke nan, sai ni mai gyaran rubutu. Malam Ƙugiya suke ce mini, wai don ba na barin harafi mai ƙugiya ya wuce ba ƙugiyarsa. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Duk wanda ya rubuta baki a inda ake nufin baƙi, ni a wurina bai gama makaranta ba.

Abin da ya fara tsone mini ido a rubutun ɓarawon ma shi ne wannan. Babu ƙ ko ɗaya, babu ɗ, babu ɓ. Ko'ina sai k', d', b', harafi da ɗan waƙafin sama a manne da shi. Na yi tsaki na ce ga sata ga jahilci. Ina cikin ja da yatsa sai na iso tsakiyar babi na bakwai, inda jarumar ke bankwana da mahaifinta, na ci karo da wani layi da ba na cikin labarin:

"Kai Malam K'ugiya ya ishe ni yau, sai ka ce shi ya k'irk'iro wak'afi."

Na karanta shi sau biyu a zuci, na uku na karanta a bayyane. Mai Inji ya ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci, ɓaci mai tsanani, domin ni na koya wa yarinyar nan inda ake sa aya. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina, amma na buɗe baki na ce wa Manaja ba sai an je da nisa ba, mutum ɗaya ke buga littafin nan, ga shi kuma ta sa hannu da kanta.

Auta ta miƙe tsaye. Ba ta musa layin ba. Ta ce ita ta rubuta, ranar da na dawo mata da shafi ɗaya sau huɗu, amma nan take ta goge shi, ko adanawa ba ta yi ba. Ta rantse ba ta taɓa ba wa kowa ko shafi ɗaya ba. Marubuciya ta dube ta daga sama har ƙasa ta kira ta maciya amana. Manaja ya kashe kwamfutarta, ya kwashe ta ya kulle a ofishinsa, ya buga wa yayan Auta waya, wanda shi ya tsaya mata lokacin da aka ɗauke ta aiki, ya ce ya zo ya tafi da ƙanwarsa. Marubuciya ta ba mu zuwa Juma'a. In ba a gano komai ba, sunan Auta za ta kai wa 'yan sanda.

* * *

Laraba da safe Marubuciya ta turo mana wata tsohuwar ɗalibarta. Mace ce gajera mai farin tabarau, ta yi shekaru tana aiki a kamfanin waya kafin ta buɗe shagon gyaran kwamfuta. Mai Bin Sawu ake ce mata, domin in an yi ɓarna ta cikin na'ura ita ake kira ta bi diddigi. Na zaci za ta faɗa wa kwamfutar Auta da sukudireba. Ko kallon inda aka kulle ta ba ta yi ba. Kujera ta ja ta zauna a tsakiyar ofis tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya tsargu.

A kwana biyun nan wurin ya lalace. Manaja ya fara tafiya da makullin kowace durowa a aljihu. Mai Inji in ya ga na shigo ɗakinsa sai ya kifa takardar da ke hannunsa. Ni ma in zan fita salla sai na cusa gyare-gyarena a jaka na tafi da su, alhali na riga na yanke wa Auta hukunci.

Da Mai Inji ta fara. Ta tambaye shi ina takardun gwaji suke zuwa bayan na gama jan jan biro a kansu. Ya yi ta kame-kame, ya ce ana ƙonawa, ta ce ya nuna mata tokar. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce yana ba wa mai kantin bakin titi yana naɗe kaya da su. Manaja ya zabura zai yi faɗa, ni kuma zuciyata ta fara raya mini ko su biyu ne suka haɗa baki da Auta. Mai Bin Sawu ta tambaya babi nawa aka fitar a takarda. Na ce takwas. Ta ce ɓarawo yana da goma sha ɗaya, don haka a bar mutumin nan da laifinsa na naɗe sabulu.

Ta juya kan Manaja. Ashe duk Juma'a yana kwafe aikin mako a filas, ɗan abin nan na adana fayil, ya tafi da shi gida, kuma kwamfutar gidansa kowa na taɓawa. Ya hau bambami, wai a wurin da yake shugabanta za a tuhume shi. Ta bar shi ya gama, ta karɓi filas ɗin ta buɗe a tata kwamfutar. Babi goma sha ɗaya cif, ƙugiyoyi duk a zaune, kuma layin da aka ci mutuncina ba ya ciki. Ta sa aka buɗe ofis ta duba ainihin fayil ɗin da ke kwamfutar Auta, nan ma babu shi.

Marubuciya ma ba ta tsira ba. Ta amsa cewa takan karanta wa ƙawayenta wasu babobin in sun zo hira, ɗaya daga cikinsu ma ta taɓa aron littafi na uku ta kwana biyu da shi. Mai Bin Sawu ta ce cikin ladabi, "Mama, a cikin littattafanki tara akwai inda kika ambaci Malam Ƙugiya?" Marubuciya ta ce ita ina ta san shi lokacin. Aka bar maganar ƙawaye.

Da ta zo kaina tambaya ɗaya ta yi mini, wai me ya sa na tabbata Auta ce. Na ce hujja a fili take, layin nata ne. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi.

"Malam, kai da za ka saci littafi, za ka bar sunan abokin aikinka a tsakiyarsa don a gane ka?"

Na ce ɓarawo ai yakan yi kuskure. Ta ce haka ne, ta mayar da tabaranta.

* * *

Alhamis ta ce a raka ta gidan su Auta, Manaja ya ce ni na san hanya. Ban so ba, amma na je.

Yayanta ya buɗe mana ƙofa, ya amsa gaisuwata da ƙyar. A falon akwai keken ɗinki an rufe da zane, da kujeru uku, da tsohuwarsu a zaune a kan darduma tana jan carbi, ba ta ɗago ba. Auta ta fito ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi iyali. Na amsa ina kallon bango.

Mai Bin Sawu ta tambaya ko akwai kwamfuta a gidan. Yayan ya ce ta shiga ta duba har ƙarƙashin gado in tana so, babu. Sai ta fito da tata daga jaka, ta ɗora a kan ɗan tebur, ta ce wa Auta ta buga mata abin da za ta faɗa, da saurin da ta saba, kada ta kalli allo. Ta karanto mata jimla ɗaya daga littafin: ƙanwarta ta ɗauki ɓawon ta yi ƙoƙarin ɓoyewa.

Yatsun Auta suka zuba a guje. Na leƙa allon. An rubuta: k'anwarta ta d'auki b'awon ta yi k'ok'arin b'oyewa. Sak rubutun ɓarawo.

Auta ta duba ta ce a yi mata afuwa, hannunta ne ya saba da kwamfutar ofis. A can in ta danna k ta bi shi da waƙafin sama, da kansa yake rikiɗewa ya zama ƙ. Wannan kwamfutar ba ta san dabarar ba.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce to ga ta nan, a wata kwamfutar ta sake buga littafin ta sayar, shi ya sa ƙugiyoyin suka zube. Yayan ya yunƙura zai tashi, tsohuwar ta ɗaga masa hannu ya koma. Auta ta dube ni kawai, idonta ya ciko.

Mai Bin Sawu ta yi kamar ba ta ji ni ba. Ta tambayi Auta in ta yi kuskuren harafi yaya take gyarawa, ta ce da madannin gogewa, nan take. Ta ce to layin nan na babi na bakwai fa, da me ta goge shi? Auta ta yi ɗan tunani.

"Da maus. Na ji takun Malam yana tahowa, sai na shafa layin gaba ɗaya na yanke shi."

Mai Bin Sawu ta rufe kwamfutarta, ta ce wa yayan ya kawo ƙanwarsa ofis gobe ƙarfe tara. A hanya na yi ta jan ta da magana ko za ta faɗa mini abin da ta gano. Ta ce yammacin nan za ta zauna da kwamfutar Auta, su biyu kawai, ba ta son ɗan rakiya.

* * *

Juma'a ƙarfe tara kowa ya hallara. Marubuciya ta zauna a kujerar baƙi da jakarta a cinya. Manaja na tsaye, Mai Inji ya jingina da ƙofa, Auta da yayanta suna kan benci can gefe, ba wanda ya matsa kusa da su. Kwamfutar Auta na kan teburina a kunne, an cire mata wayar intanet.

Mai Bin Sawu ta ce akwai hanya uku da za a iya sace littafin nan: daga rubutun hannu, daga takardar gwaji, ko daga fayil. Duk ukun babu wanda ke ɗauke da layin Malam Ƙugiya, kuma duk ukun ƙugiyoyinsu lafiya lau. Abin da ɓarawo ya samu bai taɓa zama a takarda ko a fayil ba. Wuri ɗaya kawai k da waƙafin sama suke zama abu biyu, wato a ƙarƙashin yatsun mai bugawa, kafin su hau allo su haɗe.

"Ɓarawon nan bai taɓa ganin littafin ba," ta ce. "Saurarensa ya yi. Duk madannin da aka taɓa yana rubutawa. In ta goge da madanni, ya ji, ya goge nasa. Da ta goge da maus bai ji komai ba, shi ya sa layin ya zauna."

Ta juyo da allon ta nuna mana wata ƙaramar manhaja, ita ce mai sa wa haruffa ƙugiya. Ta ce ita kanta manhajar ba ta da laifi, wasu ne suka yi ta tun da daɗewa suka bayar kyauta. Amma wani ya ɗauke ta ya sake ƙunshe ta da wasu abubuwa uku, ya baza a matsayin sabon fitowa. Ɗaya na kawo tallace-tallace, ɗaya na canza shafin farko na intanet, na ukun ko suna ba shi da, shi ne ke tara duk abin da aka buga ya aika waje da zarar an haɗa intanet. Wanda ya yi ƙunshin ya san abin da yake yi, domin ba mai neman ƙugiya sai masu buga littattafai da takardun jarrabawa. Ta ce Manaja ya canza duk kalmomin sirrin da aka taɓa bugawa a kwamfutar nan kafin azahar, kuma za ta rubuta wa Marubuciya bayanin da za ta kai ƙara a sauke littafinta daga shafin. Gano mutumin kansa zai ɗauki lokaci, ba ta yi alkawari ba.

Tun da ta ambaci manhajar na kasa sake kallon allon.

Marubuciya ta tambaya ta yaya abin ya shiga, ko shi ma da ƙafarsa ya zo. Mai Bin Sawu ta ce a'a, hannu ne ya sa shi. Wajen sawa yana nuna shafi biyar, kuma a shafi na uku an rubuta da ƙananan haruffa cewa za a haɗa da wasu manhajoji masu tattara bayanai, akwai ma ɗan akwatin da mutum zai cire alama in ba ya so. Wanda ya sa bai cire ba. An sa ta wata huɗu da suka wuce, ranar wata Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe. Ta duba rajistar zuwa aiki, ranar Auta ba ta zo ba.

Na tuna ranar sarai. Auta ta kai tsohuwarsu asibiti. Ni kuma na gaji da bin shafi ina ɗora ƙugiya da jan biro, ga shi wani a zauren masu gyaran rubutu na waya ya turo mahaɗi yana ta yabon abin. Na zauna a kujerarta na sauke. Shafi ya fito na danna na yarda, wani ya fito na danna, har biyar, ina sauri in ga ƙ ta fito. Ni da nake tsayar da inji saboda waƙafi ɗaya, ban karanta ko layi guda ba. Na ma bar mata 'yar takarda a kan kibod ina koya mata yadda ake amfani da ita, na ja layi biyu a ƙarƙashin sunana.

Mai Bin Sawu ba ta kalle ni ba. Wajen Auta ta juya.

"Ƙanwata, wa ya sa miki ita?" in ji Mai Bin Sawu.

Yayan ya zungure ta ya ce ta yi magana. Auta na kallon yatsunta a kan cinya.

"Na zo ran Litinin na tarar da ita," ta ce.

Aka sake tambayarta ko ta san wanda ya sa. Ta ce ita dai ta tarar da ita. Manaja ya fara waige-waige, idonsa ya sauka a kan Mai Inji, Mai Inji ya fara rantsuwa cewa shi ko kunna kwamfuta bai iya ba. Na ga in na ƙara minti ɗaya za a rataya wa wani kuma. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Na miƙe, gwiwata ta bugi tebur, na ce ni ne. Na faɗi yadda aka yi tun daga mahaɗin har takardar da na bari, ban rage komai ba.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Marubuciya ta tashi da ƙyar ta je gaban benci, ta kama hannun Auta biyu ta ce, "'Yata, na ci zalinki, ki yafe mini." Manaja ya yi ta gyaran murya, ya ba yayan haƙuri, ya ce kujerar Auta na nan, Litinin ta dawo, za a wanke kwamfutar tas. Yayan ya ce wannan ita za ta faɗa.

Auta ta ce ta gode. Ta je teburinta ta jawo durowa, ta ɗauki kofinta da man shafawa da ɗan matashin da take jingina bayanta da shi, ta zuba a leda. Ta ce wa Manaja abu ɗaya take roƙo, ya je da ƙafarsa ya gaya wa tsohuwarsu cewa ba ta yi sata ba, domin kwana huɗu ke nan ba ta cin abinci. Aikin kuwa a nemi wata, ita ba za ta iya sake zama a ɗakin nan ba.

Na bi ta har bakin ƙofa. Na ce Auta, ki yafe mini, wallahi ban san abin da na sa ba. Ta tsaya, ta sauya ledar zuwa ɗaya hannun.

"Na sani, Malam. Manhajar ba komai ba ce, taimakona ka yi niyya. Na yafe." Ta dube ni. "Ni abin da na rubuta a kanka, na goge shi tun kafin kowa ya gani. Kai naka a gaban kowa ka faɗa."

Ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ce in gaida iyali, ta bi bayan yayanta suka tsallaka titi. Na daɗe a tsaye a wurin har Mai Inji ya zo ya ce in matsa zai shigo da takarda.